Injin zuƙar ƙura: bi hanyar iska ka gane ciwonsa

Idan injin zuƙar ƙura ya mutu, maganar da ake yi ɗaya ce: moto ya ƙone. Sau da yawa kuma haka ɗin ne, a buɗe a tarar koyil, wato naɗaɗɗun wayoyin cikin moto, ya yi baƙi ƙirin, ƙauri ya cika bodi. Sai dai moto ba shi ne mai laifin farko ba. Kafin ya kai ga ƙonewa, an yi watanni ana shaƙe masa wuya: filta ta cushe ba a wanke ba, jaka ta cika ana ta ɗura mata, ko wata safa ta maƙale a gwiwar tiyo ba wanda ya sani. Wannan inji da iska yake aiki, da iska yake hucewa, kuma ta iskar nan yake mayar wa mutanen gida ƙura a hanci idan ya samu tsaga.

A cikinsa akwai moto mai juya wata 'yar fanka mai kama da faifai. A injinan da ake jonawa da wuta, fankar kan juya sau 20,000 zuwa 35,000 a minti guda. Wasu masu batir na zamani suna wuce 100,000. Fankar tana watsa iska waje, sai matsin iskar da ke cikin inji ya ragu, iskar ɗaki ta kutso da gudu don cike gurbin, ta kwaso ƙura a kan hanyarta. Hanyar kuwa ɗaya ce: daga bakin da ke taɓa ƙasa zuwa bututu, zuwa tiyo, zuwa jaka ko mazubi, ta ratsa filtar da ke gaban moto, ta bi ta jikin moton, ta fita ta filtar ƙarshe. A yawancin injinan gida, wannan iskar da ta ɗauko shara ita ce kuma ke fifita moto. Babu wata fanka ta biyu.

Shi ya sa ƙarar inji ke yaudarar mutane. Ka toshe bakin tiyo da tafin hannu, za ka ji kukan ya yi sama, ya koma siriri, har a ce ya ƙara ƙarfi. Ba ƙarfi ya ƙara ba, kaya aka sauke masa. Fankar ba ta samun iskar da za ta tura, sai ta yi ta gudu fanko, moto kuma ba mai sanyaya shi. Injina da yawa suna da wani ɗan makunni mai jin zafi wanda ke yanke wuta idan koyil ya ɗau zafi fiye da kima. Inji ya tsaya cak ana cikin aiki, bayan rabin awa ko awa guda ya tashi kamar ba abin da ya faru: wannan makunnin ne ya cece shi. Kuskuren da ake yi shi ne a jira ya huce a ci gaba da shara ba tare da an nemo abin da ya toshe ba. Kowane zafi irin wannan yana cin fentin da ya lulluɓe wayoyin koyil, wata rana biyu su haɗu, shi ke nan.

Lambar kwali da aikin ƙasa

Lambar wat da ake bugawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali ba ƙarfin zuƙa ba ce, wutar da moto ke sha ce. A injina da yawa, abin da ke komawa iska mai aiki bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sauran ya tafi a zafi da ƙara. An daɗe kamfanoni suna tsere a kan wannan lamba, mai 1,800 ya fito, gobe mai 2,200 ya biyo shi, har Tarayyar Turai ta taka wa abin burki. Daga Satumban 2014 ta tsayar da injinan gida masu waya a ƙasa da wat 1,600, daga Satumban 2017 ta sauko da su ƙasa da 900. Ta kuma shar'anta cewa ƙara kada ta wuce desibel 80, moto ya iya yin aƙalla awa 500 yana aiki, tiyo ya jure lanƙwasawa sau 40,000. Kamfanoni suka koma gyara fanka da bakin inji da toshe wuraren da iska ke sulalewa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Lambobi biyu ne ke faɗin gaskiya, kuma sai an haɗa su. Ta farko ƙarfin ja, wanda ake aunawa da kilofaskal. Ta biyu yawan iskar da ke wucewa, lita nawa a daƙiƙa. Idan baki a toshe yake, ja ya kai ƙarshe amma iska ba ta tafiya, ko ƙwayar yashi ba za ta motsa ba. Idan baki a wangale yake, iska da yawa amma ja kaɗan. Aiki yana tsakiya. A ninka biyun a daidai wurin aikin, sai a samu wat na iska: kilofaskal 10 da lita 20 a daƙiƙa sun ba da wat 200 na iska. Injin gida mai waya yakan yi wajen kilofaskal 20 idan an toshe shi. Don haka in ka ga an rubuta faskal 5,000 a jikin ɗan injin shara na robot mai yawo da kansa, kada yawan sifili ya ruɗe ka, kilofaskal 5 ke nan.

Akwai kuma tambayar da tallace-tallace ba sa son a yi: da jaka fanko aka auna, ko da mai ƙura? Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A 2018 wata kotun Tarayyar Turai ta soke takardar darajar cin wuta da ake liƙa wa waɗannan injina, bayan kamfanin Dyson ya kai ƙara cewa gwajin da jaka fanko ake yinsa, alhali ba wanda ke shara da jaka fanko sai a mintin farko.

Bakin inji ma yana da nasa rabon, kuma a kan kafet ya fi moto muhimmanci. Yashi yana nutsewa can gindin gashin kafet, inda iska kaɗai ba ta fito da shi. Sai burushi mai juyawa ya kaɗa shi ya taso, sannan iska ta ɗauke. A kan tayil ko siminti kuwa burushi mai tauri watsa tsakuwa yake yi gaba da baya, gara a kashe shi ko a sa baki mai laushi. Idan baki ya manne wa kafet har turawa na wuya, ba alamar inji mai kyau ba ce. Iska ce ta daina shiga. A ɗaga bakin mataki ɗaya, ko a buɗe 'yar ƙofar iskar da ke jikin mariƙi. Kuma a yi a hankali. Ja biyu a natse sun fi goma na gaggawa, domin burushi na buƙatar lokaci ya daki wuri ɗaya sau da yawa.

Jaka, guguwa da filta

An ce Hubert Cecil Booth, injiniyan Ingila da ya yi rajistar injinsa a 1901, ya fara gwada dabarar ne da hankici: ya shimfiɗa shi a kan kujera, ya kafa baki ya zuƙa, ya juya ya ga ƙura ta yi zobe. Injin nasa ƙato ne, doki ke ja, a ajiye shi a titi a zura tiyo ta taga. James Murray Spangler, wani mai shara a garin Canton na jihar Ohio a Amurka, wanda asma ta dame shi, shi ya haɗa ƙaramin na ɗauka da hannu da fanka da sandar tsintsiya da rigar matashi, ya yi rajistarsa a 1908, ya sayar wa William Hoover. Daga hankici da rigar matashi zuwa yau, matsalar ba ta canja ba: yadda za a bar iska ta wuce a tsare ƙura.

Jaka ita kanta filta ce, kuma babba. Iska na fita ta ƙananan kafofin jikinta. Abin da ke kashe jaka ba cika ba ne kawai, toshewar waɗannan kafofi ne. Jaka mai gashi da zare tana iya cika taf tana numfashi, wata kuma da cokali kaɗan na ƙura mai laushi ta shaƙe tana fanko. 'Yar alamar ja da ke nuna wai jaka ta cika ba leƙa jakar take yi ba, matsin iska take aunawa, don haka tiyo ya toshe ma sai ta nuna ja. A canja jaka idan ta kai kashi biyu cikin uku. Zazzage jakar takarda a mayar da ita ba tattali ba ne, kafofin suna nan a toshe, kuma takardar ta yi rauni, ranar da ta fashe moto ne zai sha ƙurar. Jakar da aka yi da zaren roba mai hawa-hawa ta fi ta takarda riƙe ƙura da daɗewa tana numfashi.

Marar jaka kuwa guguwa yake tayarwa a cikin mazubi. Iska na shiga a karkace tana juyawa da gudu, ƙura mai nauyi ta bugi bango ta faɗi ƙasa, iska ta fita ta tsakiya. Da wannan dabarar Dyson ya fito kasuwar Birtaniya a 1993, yau kusan kowane kamfani na yi. Masu kyau suna da ƙananan mazurarai da yawa a sama, masu ƙara wa juyin gudu don su kama ƙura mai laushi. Masu araha guguwa ɗaya ce ta jeka-na-yi-ka, sauran aikin an bar wa soso. Layin nan da aka zana a jikin mazubi ba ado ba ne. Da shara ta wuce shi, guguwa ba ta da filin juyawa, sai ta kwashi ƙurar ta kai wa filta kai tsaye.

Mai asma ko mai yawan atishawa da ya gudu daga sayen jaka ya koma marar jaka yana iya yin gudun gara ya faɗa gidan zago. Duk ƙurar da aka tara a mako, a lokacin zazzage mazubi take tashi masa a fuska. Idan dole ne, a zazzage a waje, a zura mazubin can cikin leda kafin a buɗe murfin ƙasa.

Filtar soso ko ta ƙyalle da aka rubuta ana wankewa, a wanke ta kamar sau ɗaya a wata, da ruwan sanyi zalla, ba sabulu, ana matsewa har ruwan ya fito garau. Sannan a bar ta aƙalla awa 24 a inda iska ke kaɗawa. Nan ne ake yawan yin ɓarna. Saman soso ya bushe, cikinsa da danshi, a mayar a kunna. Danshin ya haɗu da ƙura ya zama taɓo, ya toshe filtar fiye da da, ya kawo warin fumfuna, ragowar kuma ya shiga boris, wato ƙarfen da sandar moto ke juyawa a cikinsa, ya sa tsatsa. Mafita mai sauƙi ita ce a mallaki filta biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shanya. Ta takarda mai ninki-ninki wadda ba a ce a wanke ba, ruwa yana lalata ta. Kaɗe ta ake yi a hankali, in ta yi duhu a canja.

Sunan HEPA da ake rubutawa a jikin wasu filtoci yana da ma'ana takamaimai. A ma'aunin Amurka, filtar za ta tsare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu girman maikiron 0.3. Gashin kan mutum wajen maikiron 70 ne, sai ka kwatanta. A ma'aunin Turai, H13 na tsare kashi 99.95, H14 kuma 99.995, na ƙwayoyin da suka fi wuyar kamawa. Masu lamba E10 zuwa E12 suna ƙasa da wannan. Duk kwalin da ya rubuta wani abu mai kama da sunan amma ba lamba, a ɗauka bai ce komai ba.

Amma filta mai kyau a cikin bodi mai yoyo aikin banza ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, iska ma hanyar da ta fi sauƙi take bi. Idan robar da ta zagaye filta ta bushe ko ta karkace, iska mai ƙura za ta kewaye ta ta fita ta gefe. Ana gane wannan da ido. A cire filtar ƙarshe a duba mazauninta: idan an ga siririn layin ƙura mai toka-toka ya tsallake robar ya bi ta bayanta, kamar sawun ruwa a bango, to ta nan take fita. A ɗaki mai duhu kuma, a haska tocila a gefen inji yana aiki a kan kafet mai datti, a duba mahaɗar murfi da gindin tiyo.

Idan zuƙa ta ragu

Ba a fara zargin moto. A cire fulogi daga soket tukuna, ko batir in mai fita ne. A duba jaka da filta. In lafiyarsu lau, a cire tiyo daga jikin inji, a kunna, a sa hannu a ramin. Idan ja na nan da ƙarfi, moto ba shi da laifi, toshewar na gaba. A miƙe tiyon a tsaye a saki tsabar kuɗi ta sama. Ta faɗo, hanya a buɗe take ko da ba duka ba. Ta maƙale, a tura sanda mai dunƙulallen kai a hankali, ba waya mai tsini ba, don kada a huda shi. Wurare uku ne suka fi kama kaya: lanƙwasar mariƙi, wuyan da ke haɗa baki da bututu, da mashigar jaka. Yawanci abu ɗaya dogo ne ke gittawa, tsinken ashana ko abin daure gashi, sai gashi da auduga su taru a kansa har su zama toshe. Idan kuma babu toshewa amma ana jin shuu, a ja tiyon a buɗe ninkinsa ɗaya bayan ɗaya, musamman dab da mariƙi inda ya fi shan murɗa. Tsagar ba ta bayyana sai an ja.

Hanci ma kayan aiki ne. Ƙaurin roba na nufin bel ɗin da ke juya burushi. Burushi ya tsaya, ko igiyar takalmi ta naɗe shi ko gezar kafet, sandar moto na ci gaba da juyawa a kan bel ɗin har ya narke. Bel mai faɗi na roba yana saki ko bai tsinke ba. Burushi na juyawa a sama, da ya taɓa kafet sai ya tsaya. Irin wannan ana canja shi duk wata shida zuwa shekara. Mai haƙora ya fi daɗewa.

Gashi kuwa ba a tsakiyar burushi yake ɓarna ba, a gefe ne. Na tsakiya ana gani, a bi kwarin da ke jikin burushin da almakashi a yanke. Na gefe shi ke zamewa ƙarƙashin murfin ƙarshe, ya naɗe sandar ya matse, zafin juyi ya mayar da shi wani baƙin zobe mai tauri kamar roba. Wannan zoben ne ke cin boris, wani lokaci har ya narkar da mazauninsa. A cire burushin, a ɓalle murfin gefe biyu, a zare zoben, a juya da yatsa. Mai lafiya yana juyawa sumul ba ƙara.

Wari mai kaifi na wuta, tare da ƙara mai tsalle-tsalle, wannan daga moto ne. Moton injin mai waya yana da kabon biyu, 'yan sanduna baƙaƙe da sifirin ke dannawa a kan zoben tagullar amecha, wato ɓangaren moto mai juyawa. Suna cinyewa a hankali, haka aka yi su. Awa 500 ɗin nan, ga mai shara awa guda a mako, kusan shekara goma ke nan. Idan sun rage kamar milimita 5, a canja duka biyun tare. Ɗan tartsatsi shuɗi a bakin kabon ba komai ba ne. Wanda ke zagaye zoben gaba ɗaya kamar wutar walda yana nufin amecha ta tafi, sabon kabon ba zai yi magani ba. Kukan ƙarfe mai gurnani lokacin da inji ke tsayawa kuma boris ne.

Inji ya mutu ya tashi idan an motsa waya: ta karye a ciki, kusan kullum dab da fulogi ko inda ta shiga bodi. Fizge waya daga nesa da taka ta da burushi ke jawo haka. Ba a naɗe ta da salatif a ci gaba, canja ta ake yi. Mai naɗe waya da kansa, a jawo ta har alamar rawaya, kada a wuce alamar ja, domin wayar da ke naɗe tana tara zafi, kuma a riƙe fulogi lokacin da take komawa kada ya yi bulala. Inji mai wat 900 a wuta mai bolt 230 yana jan kusan amfiya 4, na Amurka mai bolt 120 yakan ja har 12. Wanda aka yi don 120 aka jona shi a 230 ba ya ɗaukar lokaci. Alamar murabba'i a cikin murabba'i a jikin inji na nufin rufi biyu ne ke kare mutum daga wuta, ba wayar ƙasa ba. Bodin da ya fashe ya rasa ɗaya daga ciki.

Masu batir lissafinsu a fili yake. Ƙwayoyin litiyom shida masu bolt 3.6 sun ba da 21.6. Idan kowace na da amfiya-awa 2.5, jimla wat-awa 54 ke nan. A ƙaramin gudu mai cin wat 80, minti 40. A babban gudu mai cin 400, minti takwas. Lokacin da aka rubuta a kwali na ƙaramin gudu ne, sau da yawa ma ba tare da baki mai burushi ba. Babban gudu kuma shi ya fi tsufar da batir saboda zafi. A bar shi ya huce kamar rabin awa kafin a sa caji, kada a yi caji a wurin da zafi ya wuce digiri 45 ko sanyi ya kai na ƙanƙara, in za a ajiye shi watanni a bar shi da rabin caji. Wasu injinan suna yin numfashi sama-sama, su kama su saki, su kama su saki. Mutane kan ce batir ne, alhali galibi injin na faɗin cewa ya toshe.

Batirin da ya kumbura, ko ya faɗi ya fashe, ko yake zafi ba a aiki da shi, an gama da shi. Wutar litiyom tana tashi farat ɗaya kuma tana da wuyar kashewa. Kada a yi caji a kan katifa ko a hanyar fita, kada a sa cajar da ba tasa ba don kawai bakinta ya shiga. Batirin canji marar suna yakan yi tsimi ne a kan allon da ke hana caji wuce iyaka, abin da ido ba ya gani.

Abin da ba a zuƙa

Tunda iska ta jikin moto take bi, kuma moto na tartsatsi, duk abin da ya shiga baki ya kusanci wuta. Fetur, kalanzir, sinadarin narka fenti, ko ɗakin da ake jin warin gas: ko kunna injin ba a yi. Toka ma haka, ko da ta yi kama da ta mutu, domin garwashi na iya kwana biyu a ƙarƙashinta da rai. Ya shiga jaka mai cike da auduga da gashi, ga iska na hura shi kamar zugazugin maƙeri. Sau da yawa ba a lokacin yake kamawa ba, sai an mayar da inji ma'ajiya an tafi. Guntun sigari hukuncinsa ɗaya.

Ruwa a injin busasshiyar shara haɗarin jan wuta ne. Na ruwa daban ne: iskar shararsa ba ta bi ta cikin koyil, yana da fankar sanyaya moto ta daban, da wata ƙwallo mai tasowa ta rufe hanya idan tanki ya cika. Ƙurar siminti, filasta da garin tawadar firinta sun yi laushi da yawa, suna toshe jaka cikin mintoci, abin da ya wuce ya ci boris ya fito ta baya. Don irin wannan ne ake da injinan masana'antu masu daraja L, M da H. Ƙurar asbestos da ta tsohon fenti mai dalma ba aikin injin gida ba ne ko yana da HEPA.

Mafi muni ita ce zaiba, daga ma'aunin zafin jiki na gilashi da ya fashe ko ƙwan fitila mai dogon bututu. Inji yana farfasa ta, ya ɗumama ta, ya feso tururinta mai guba cikin ɗaki, kuma shi kansa ya gurɓace, duk ranar da aka kunna shi sai ya sake fesowa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A fitar da yara, a buɗe tagogi, a tattara ta da kwali mai tauri, a ɗauke ƙananan da salatif, a zuba a kwalba mai murfi.

Yara masu rarrafe suna son bin inji. Burushi mai juyawa yana saɓule fatar yatsa cikin daƙiƙa, ƙunar gogayya ce mai zurfi, don haka ba a barin inji a kunne a juya baya, ba a kuma barinsa a jone. A matakala, inji na zama a ƙasa mai shara na sama, don in an ja tiyo kada ya faɗo a ka.

Ɗan injin nan mai yawo da kansa, wanda samfurin Roomba ya yaɗa tun 2002, mai kiyaye tsabta ne, ba mai kawo ta ba. Mazubinsa bai cika kai rabin lita ba, zuƙarsa kaɗan ce, ƙarfinsa shi ne yana fita kullum. Kafin a sake shi a kwashe wayoyin caja da igiyoyi, a tabbatar ba wanda ke kwance a ƙasa da gashi a baje, kuma in akwai dabba a gida a duba ba ta yi kashi ba, don zai shafe ɗakin da shi. A ƙarƙashinsa akwai wasu 'yan tagogi masu aika hasken da ido ba ya gani su jira ya dawo, da su yake gane bakin matakala. Ƙura ta rufe su, sai ya rikice ya yi ta ja da baya ko ya tsaya. Baƙin kafet ma yana shanye hasken, injin ya ɗauka rami ne ya ƙi hawa. Wasu kan liƙe tagogin da farar takarda don ya hau kafet ɗin, su manta cewa daga ranar ba ya ganin matakala. Busasshen ƙyalle sau ɗaya a mako ya ishi tagogin, haka ma ƙarafunan caji biyu da ke ƙarƙashinsa, sannan a zare 'yar tayar gaba a cire gashin da ya naɗe sandarta.